Jawabi a kan Nimoniya: Mu Ƙirga Numfashin Yara



In hunturu ya shigo, tari kan yawaita daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa. Amma ba kowane tari ne mura ba. Nimoniya, wadda muke kira sanyin haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta: bakteriya irin su nimokokus, ko bairos. Su ke cika huhu da ruwa da mugunya. Ƙura, hayaƙin murhu, ƙyanda da tamowa kuwa su ke buɗe musu ƙofa.

Ta yaya za mu gane ta? Ku jira yaro ya natsu, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, kada ya kwana a gida, a nufi asibiti.

Maganin tari na kemis da tsagar wanzami ba sa kashe ƙwayar. Ta bakteriya amoksisilin ke maganinta, in ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma shanye duka ko da yaro ya warware. Mai tsanani sai allura da iskar oksijin.

Tun 2014 Nijeriya ta fara rigakafin nimokokus: mako 6, 10 da 14, kyauta. Dattawa, in kun je gaisuwa gidajen mambobi, ku tambayi katin rigakafi.