Kiɗan Maimaici da Ɗaukewar Hankali



Tambayar da zan ɗora jawabina a kanta ita ce: me ya sa ɗan guntun kiɗa, idan aka yi ta nanata shi, yakan fitar da mutum daga hayyacinsa? Asirin yana cikin sautin ne, ko kuwa cikin zuciyar mai ji?

Bari mu fara da Amurka. A 1964 wani masanin kiɗa, Steve Reich, ya ɗauki muryar wani mai wa'azin Kirista a San Faransisko yana gargaɗi da ruwan Ɗufana. A 1965 ya yanko kalmomi uku daga zaren rikoda, ya liƙe bakin zaren ya zama zobe, ya yi irinsa biyu, ya ɗora su kan rikoda biyu. Da yake injunan ba sa gudu daidai wa daida, sai ɗaya ya riƙa tsere wa ɗaya kaɗan-kaɗan, har magana ta narke ta koma amo, kunne kuma ya shiga jin kari iri-iri da ba wanda ya kaɗa su. Dalili kuwa, idan hankali ya tabbatar da abin da ke tafe, sai ya daina jira, ya koma lura da ƙananan abubuwa, lissafin lokaci ya kuɓuce masa. A 1970 Reich ya tafi Jami'ar Gana ya koyi kiɗan kabilar Ewe, ya tarar makaɗa sun daɗe suna gina kiɗa a kan maimaici da hannuwansu.

To, amma maimaici kaɗai ya isa? Wani masani Bafaranshe, Gilbert Rouget, ya fitar da littafi a 1980 a kan kiɗa da ɗaukewar hankali, inda ya nuna cewa ganga ba ƙwaya ba ce da za ta bugar da duk wanda ya sha. Mu Hausawa muna da shaida a gida. A fagen bori kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam. Mai garaya ko mai goge ya fi kowa kusa da sautin, amma ba shi iska ke hawa ba. 'Yan kallo ma lafiya lau suke tashi. Doki ko goɗiyar da aka yi wa girka su ne ke faɗuwa, domin sun san taken wa ake kaɗawa.

Haka nan a zawiyoyin Ƙadiriyya na Kano. Bandiri yana riƙe numfashi da harshe a kan ma'auni guda, amma shauƙin da ke kama muridi daga ma'anar zikiri yake tasowa, da tarbiyyar shehi. Hanyoyin nan biyu sun saɓa a aƙida ƙwarai, amma sun koya mana abu guda: maimaici ƙofa yake buɗewa, niyya ce ke zaɓar ɗakin da za a shiga.

'Yan'uwa, a yau kwamfuta tana iya juya guntun kiɗa har asuba ba gajiya, da yawanku kuma kuna haɗa kiɗa da ita. Inji ba shi da niyya, taku ce za ta bi sautin zuwa kunnen jama'a. Saboda haka, kafin ku kwance wa mutum linzamin hankalinsa, ku tambayi kanku ina za ku kai shi.