Gigin Tsufa ko Ciwo? Ma'aunin da Ya Dace da Dattawan Tsaskiya

A Tsaskiya, kamar sauran garuruwan Safana da Batsari, idan tsohuwa ta tambayi jikarta sunanta sau uku kafin azahar, ko tsoho ya dawo daga masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa, sai a ce gigin tsufa ne. A wani gidan a ce iska ce, ko sammu. Likitoci kuwa sun raba abin gida biyu. Akwai mantuwar da shekaru ke kawowa, suna ya ɓace, jim kaɗan ya dawo. Akwai kuma ciwon da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, har mutum ya kasa lissafin kuɗinsa ko jera alwala. Wannan na biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kama mutum sama da miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari nasu ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Abin da takardar nan ta sa gaba shi ne ma'aunin da za a rarrabe su da shi a ƙauyen Katsina.

Gwajin da ya fi yaɗuwa a asibitoci shi ne MMSE, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Maki 30 ne. Ana tambayar shekara da wata da kwanan wata, a ce mutum ya yi ta cire bakwai daga ɗari, ya karanta jimla, ya rubuta tasa, ya kwafi zane. To, ga dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, ya san yau nawa ga Rajab, amma kalandar Bature ba ta dame shi ba. Zai zubar da maki lafiyarsa ƙalau, kuma a takardar bincike a rubuta bai yi karatu ba, don shekarun boko kaɗai ake ƙirgawa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, ita ma zanen zai kayar da ita. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba.

An riga an ci karo da matsalar a Nijeriya. A 1992 Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Ibadan suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatan Indianapolis, 'yan shekara 65 zuwa sama. Sun yi aiki da CSI-D, gwajin da ke haɗa tambayoyi ga tsohon da hira da wanda yake zaune tare da shi. Sakamakon 1995 ya nuna masu ciwon kashi 2.29 cikin ɗari ne a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. Daga wannan aikin ne Olusegun Baiyewu da abokansa suka fito da gwajin ƙwayar ashana a 2005: maimakon zane da biro, a jera ashana huɗu cikin wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Hannun da ya saba da saƙar faifai ko tufkar igiya ba ya jin tsoron ashana.

A Arewa, binciken Zariya da aka buga a 2011, wanda A. J. Yusuf ya jagoranta, ya duba tsofaffi 322 ya samu kusan kashi uku cikin ɗari suna da ciwon. Zariya birni ce mai asibitin koyarwa. Lissafinta ba zai wadatar da ƙauyen da ke bakin Dajin Rugu ba.

Shekaru ma sai an yi dabara, don dattawan karkara kaɗan ne ke da takardar haihuwa. A Ibadan da manyan al'amuran tarihi aka riƙa kintatar shekarun tsofaffi. Ƙasar Katsina tana da nata alamomin: hawan Sarki Usman Nagogo a 1944 da rasuwarsa a 1981, samun 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967, da 1973 lokacin da naira ta maye gurbin fam, ga kuma fari. Tsohuwa za ta faɗi ko goyon wa take yi a shekarar da aka canja kuɗi, daga nan lissafi ya fito.

Sai abu mafi nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da mutane da yawa daga ƙauyukan wannan yanki zuwa Dutsin-Ma da garin Batsari da birnin Katsina. Dattijon da aka raba da gonarsa, aka kashe ɗansa, yake kwana a zauren wani ba barci, idan aka tambaye shi wace unguwa ce wannan ya yi shiru, ba lallai ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace ba. Baƙin ciki mai tsanani yana kawo mantuwa da rashin natsuwa, kuma shi yana jin magani. Haka kurumta da yanar ido: wanda bai ji tambaya ba ba zai amsa ta daidai ba. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon a duniya, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji da gani, baƙin ciki da kaɗaici.

Saboda haka duk mai binciken da zai shiga Tsaskiya, daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne ko daga asibitin koyarwa na Katsina, ya fara da auna jini da duba ido da kunne. Ya yi tambayoyin da Hausar yankin, kan ranar kasuwa, watan Musulunci, sunan dagaci, da ko damina ake ciki ko kaka. Sannan ya zauna da surukar da ke dama wa tsohon kunu, a keɓe, don a gaban tsohon kunya ba za ta bari ta faɗi cewa ya fara yin sallar la'asar sau biyu ba.