Amsar Wasiƙunku: Gayyatar Ƙawayen Amarya Da Katin Hannu

Yau za mu fara da takardar wata 'yar'uwa daga Funtuwa, wadda ta ce an sa ranar aurenta nan da wata 2. Tana son ta gayyaci ƙawaye 12 da za su tsaya mata tun daga kamu har kai amarya, amma kuɗin buga kati sun fi ƙarfinta. Shi ne take tambaya, in ta yi katin da hannunta, ba za a ce ta yi rowa ba?

To, malama, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ba rowa ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Kafin zuwan kati ai da goro ake gayyata a ƙasar Hausa, daga baya mata suka haɗa da alawa da cingam. Abin da ake nufi shi ne mutum ya san an tuna da shi. Sannan ki bambance abu biyu. Katin ɗaurin aure na iyaye ne, su ke kiran jama'a da sunansu. Wanda kike magana a kai kuwa naki ne, kuma roƙo ne, don kina neman mutum ya bar aikinsa, ya kashe kuɗinsa, ya sha zirga-zirga saboda ke. Irin wannan roƙo ya fi kyau da rubutun hannun mai shi.

Ga yadda za ki yi. Ki je kantin masu sayar da littattafai ki nemi takarda mai ɗan kauri, girman A4, wato santimita 21 a faɗi, kusan 30 a tsawo. Ki raba kowace gida 2, ki ninke kowane rabi tsakiya, kin sami kati mai buɗewa ke nan. Takarda 6 ta ishe ki kati 12, amma ki sayi 8 saboda kuskure. A wajen yanka a sa rula da sabuwar reza, almakashi yakan karkace. A ja layi da fensir sama-sama, a yi rubutu da biro baƙi ko shuɗi, in ya bushe a goge fensirin. A bangon gaba ana iya zana dagi, ko irin zanen lalle, ko zayyana kamar ta allon sauka. In ba ki da hannun zane, ba za a rasa yaro mai iyawa a gidanku ba. Ya zana guda ɗaya mai kyau, a kai wajen masu fotokwafi. Amma sunan kowace ƙawa da saƙon ciki, ke za ki rubuta.

Me za a rubuta? A taƙaita. Misali: "Ƙawata Wance, bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke an sa ranar aurena. Ina roƙon ki kasance cikin masu tsaya mini. Ga ranaku da wurare." Sai ki jera: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, yini, kai amarya, kowanne da ranarsa da lokacinsa da kwatancen gidan. Ki rubuta sunan ranar, Juma'a ce ko Asabar, tare da kwanan watan Bature. In za ki ƙara na Musulunci ki yi hattara, domin wata yakan yi kwana 29 ko 30 gwargwadon gani, lissafinki na iya gocewa da kwana ɗaya. Kuma don Allah a kula da lanƙwasar haruffa. In aka cire wa "baƙi" ƙugiyarsa ya koma "baki", ka ga an tashi daga masu cin tuwo an koma wurin da tuwon ke shiga.

Yanzu sai babbar magana, wato anko. Nan ne zumunci ke lalacewa. Amarya ta aika da gayya ba ta faɗi komai ba, ƙawa ta amsa da murna, sai ana saura mako ɗaya a ce ta kawo kuɗin atamfa da leshi da ɗankwali da gudummawar kwalliya. Yarinya 'yar makaranta ina za ta samo? Sai ta ci bashi, ko ta matsa wa mahaifinta, ko ta ɓuya ta ce ba ta da lafiya. Bayan biki a daina gaisawa. Maganin wannan yana cikin katin. Ki yanko ɗan ƙyallen ankon kamar faɗin yatsa biyu, ki manna da gam a ciki, ki rubuta kuɗinsa a ƙasa ba ɓoye-ɓoye, turmi ne mai yadi 6 ko rabi. Sa'an nan ki ƙara layi ɗaya: wadda ba ta da hali ta zo da abin da take da shi mai kama da wannan launi, zuwanta ne abin so. Daidai ruwa daidai tsaki. Kuma katin ya isa hannunsu da aƙalla mako 6, musamman in bikin ya faɗo gab da azumi ko salla, lokacin da teloli ba sa ɗaga kai.

Wani gargaɗin kuma: kati na sa'anni ne. Kada ki kuskura ki tura wa gwaggonki ko innarki ko kakarki takarda a hannun yaro, komai kyan zanenta. Waɗannan tattaki ake yi musu, a durƙusa a gaishe su, a miƙa goro, a faɗa da baki. Zumunta a ƙafa take. Haka ita ma wadda kika zaɓa babbar ƙawa, ki kai mata da kanki, ku zauna ku yi magana, don nauyin da za ta ɗauka ya fi na kowa. In ƙawa tana gaban iyayenta ko gidan miji, a nemi izininsu tukuna. Wadda take nesa, Legas ko Yamai, ki ɗauki hoton katin ki tura ta WhatsApp, amma ki bi shi da kiran waya.

Kafin ki rubuta ko da kati ɗaya, ki zauna da mahaifiyarki ku duba sunayen. 'Yan'uwa na ɗaki ɗaya, bikin farar kaza ne, balbela ba gayya. Amma 'yar baffa, da 'yar kishiyar uwa, da abokiyar wasa, in aka bai wa bare kati aka tsallake su, maganar za ta fi auren daɗewa ana yinta.

Akwai kuma wani saurayi daga Maraɗi da ya yi tambaya kusan irin wannan game da abokan ango. Samari, amsarka ita ce wadda ka ji. Sai dai ka rubuta wa kowa aikinsa a fili: wane zai nemo motocin ɗaukar amarya, wane zai tarbi baƙi a wajen walima, wane zai riƙe kuɗin sayen baki. Aikin da aka bar wa kowa da kowa, ranar biki ba a ganin mai yinsa.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Masu shirin aure Allah ya ba da zaman lafiya da zuriyya ta gari. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.