Zaren Roba da Makomar Kasuwancinmu: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara

An ba ni minti kaɗan, zan yi magana ne a kan zaren roba da ke cikin kayan da muke tsallaka iyaka da su: wandon jins, safa, kayan ciki da hijabi mai talewa.

Wannan zare, wanda ake rubuta wa spandex ko elastane a ƙyallen wuyan riga, an ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, kuma daga man fetur ake yin sa. Yana miƙewa har ninki biyar ya koma yadda yake. Amma ba ya ruɓewa a ƙasa, kuma ko kashi 2 cikin 100 ne aka cakuɗa da auduga, sake sarrafa yadin yana wahala. Zafi ma yana kashe shi. Duk wanda ya taɓa buɗe dilar gwanjo ya tarar da wanduna sun saki ƙugu ya san asarar da nake nufi. 'Yan'uwanmu na kasuwar Kantamanto a Accra sun fi kowa sani: abin da bai sayu ba yana toshe magudanan ruwa, wani ya ƙare a bakin teku.

Yanzu masana'antu sun fara sauyawa. Kamfanin Hyosung na Koriya ta Kudu yana yin zaren roba daga ragowar zaren masana'anta. Akwai Sorona, wanda kashi 37 cikin 100 nasa daga tsirrai ne irin su masara. Kamfanin Asahi Kasei na Japan kuma yana da nau'in da ke ruɓewa sannu a hankali. Waɗannan sun fi tsada a yau, amma kayan da aka saƙa da su za su iso Kwatano da Lome, daga nan su zo Maraɗi da Kantin Kwari.

Roƙona uku ne. Mu riƙa duba ƙyallen wuya kafin mu biya kuɗi. Mu tambayi dillalanmu irin zaren da ke cikin kaya, domin idan masu saye da yawa suka tambaya, labari yana kaiwa masana'anta. Sannan mu daina jibge kayan roba a ƙarƙashin kwano mai zafi ko a rana a bakin iyaka.

Allah Ya ƙara mana albarka a kasuwa, Ya kai mu baɗi lafiya.