Jawabin Wani Ɗan Mazan Jiya a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu da Allah Ya bar mana, Allah Ya ƙara muku lafiya. 'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An ce in yi magana a kan aikin soja. To, ni abin da ya biyo bayan yaƙi ya fi tsaya mini a rai.

'Yan ajinmu za su tuna muna aji huɗu aka fara yaƙin basasa, ranar 6 ga Yuli, 1967. Kafin ƙarshen shekarar na ajiye littafi na tafi Zariya. Horon makonni kaɗan aka yi mana, aka tura mu Runduna ta Biyu, ta Kanar Murtala Muhammed. Ina cikin jerin motocin da aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana, kan hanyar Anaca, ranar 31 ga Maris, 1968. Wuta ta kama tankar mai, ta bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Can na baro jin kunnena na hagu, da abokai waɗanda ko kabarinsu babu. Don haka wanda ya gaishe ni ɗazu ban amsa ba, ya yi haƙuri, ba girman kai ba ne.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, amma ni bai sallame ni ba. Da aka rage sojoji na dawo gida, na tarar shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, ya kankama. Na zuba ɗan abin da aka ba ni a shanun huɗa, na kama auduga da masara a hanyar Malumfashi. Farin 1984 ya cinye shanun. A 1986 aka rushe hukumar sayen auduga, muka koma hannun dillalai. Cikin wannan hali uwargidana ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Da dare kuwa ba barci. Ƙaurin man fetur kaɗai ya isa ya mai da ni Abagana. Wa zan gaya wa? A garinmu namiji ba ya cewa yana jin tsoro.

Limamin unguwarmu ne ya lura kullum ina riga ladan zuwa masallaci. Bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi, tun da idona biyu, in zauna bayan asuba mu yi karatu. Ina da shekara kusan arba'in na ɗauki Ahalari tare da yara sa'o'in 'ya'yana, daga nan Ishmawi, sai Iziyya. Sai da muka shekara biyu kafin na iya ba shi labarin Abagana. Ya saurara har hantsi, sannan ya sa na riƙa yi wa mamatan addu'a da sunayensu. Da sannu barci ya dawo, na kuma koma gona da aron shanun ƙanena.

Yau akwai 'ya'yanmu da jikokinmu da ke dawowa daga Barno, ko daga dazukan Faskari da Sabuwa, shiru kamar yadda na dawo. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su tattara sunayen waɗanda ke cikin iyalanmu kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a raba mu bibbiyu mu riƙa kai musu ziyara. A rubuta sunana a shiyyar Bakori. Ina da mai kai ni a babur.

Wassalamu alaikum.