Hunhuna A Cikin Ɗakunanmu Da Iskar Da Muke Shaƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mutanen Dingaya da baƙinmu na Birnin Kudu da Gwaram, maganarmu a yau a kan hunhuna ce, wannan baƙi-baƙi ko kore-koren da ke fitowa a jikin bango da ƙarƙashin katifa idan damina ta yi nisa. Da yawanmu mun ɗauke ta ƙazanta ce kawai da ke ɓata ado. Alhali kuwa halitta ce mai rai, tana yaɗuwa ta hanyar wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su tashi cikin iska, mu kuma mu shaƙe su muna barci. Abin da take buƙata kaɗan ne: danshi, ɗumi, da ɗan abin ci kamar ƙura ko katako ko auduga. Duk inda ruwa ya kwana biyu bai bushe ba, to ta sami masauki.

Mu fara da na'urar sanyaya ɗaki, tunda yanzu ta shiga wasu gidaje da masallatanmu. Yadda take aiki shi ne, tana zuƙo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan ƙarfe mai sanyi, sai danshin da ke cikin iskar ya koma ruwa, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kofin ruwan sanyi. Ruwan nan yana zuba a wani ɗan faranti, ya fita waje ta tiyo. To, ƙurar hunturu ta riga ta cika ragar da ke tace iska. Idan tiyon ya toshe, ruwa ya kwanta, ƙura ta jiƙe, sannan aka ɗauke wuta na'urar ta tsaya a jiƙe cikin duhu da ɗumi, me ya rage? Da an kawo wuta an kunna, sai ta feso abin da ya tsiro a cikinta kan jama'a. Wannan warin ruma da ake ji a mintunan farko, shi ke nan alamarta.

Haka zancen yake ga fankar nan mai tankin ruwa da ake haɗa ta da sola. Tana da amfani ƙwarai a zafin Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe, amma a watan Agusta ƙara wa ɗaki danshi take yi, kuma ruwan da ya kwana a tankinta da sosonta gona ce ta hunhuna.

Kada wanda ba shi da na'ura ya ce ya tsira. Kwano mai yoyo a kan silin, bangon ƙasa da ke tsotsar ruwa daga tushe, katifa a kan leda a daɓe, kafet ɗin masallaci da ake takawa da ƙafafun alwala ba a shanya shi, da buhunan gyaɗa ko masara da ba su gama bushewa ba aka jibge su a ɗakin kwana, duk hanya ɗaya ce.

Illar ba zato ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da hunhuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma. Akwai kuma wani nau'i da likitoci ke kira Asfajilas. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, sau da yawa cutar takan bar masa kogo a huhu, wannan hunhunar kuwa tana iya shiga kogon ta zauna, mutum ya dinga tari da rama har da fitar jini, a yi zaton tarin fuka ne ya dawo. Mai irin wannan hali ya garzaya asibiti, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, ya kuma gaya wa likita yadda ɗakinsa yake.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, ba a korar hunhuna da ƙamshi. Iyayenmu mata, Allah Ya saka muku da alheri, amma turaren wuta wari kawai yake rufewa, ya ƙara wa mai asma hayaƙi. Ruwan za a nema a tsayar. A gyara yoyo tun kafin ruwan farko. A zare ragar na'ura a wanke da ruwa da sabulu kamar duk mako biyu, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. A leƙa waje a ga ko tiyon yana ɗiga; idan na'ura na aiki da damina amma ba ɗigo, a kira mai gyara. A zubar da ruwan tankin fanka kullum. A ɗaga katifa a kan gado, a riƙa fitar da ita rana. Silin ko katifar da hunhuna ta ci har ciki ba ta wankuwa, sai dai a canza. Mai gogewa ya rufe hanci, ya buɗe taga, kada kuma a sa mai asma wannan aiki.

Kwamitocin masallatai, wannan yana wuyanku, domin tsabtar wurin salla ba ta tsaya ga shara ba. Sahu guda na shaƙar iska guda, da tsoho da yaro.

Kalma ɗaya game da hunturu: mai shigar da kaskon gawayi ɗaki ya toshe ko'ina, ya sani gawayi na fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashewa cikin barci. A ji ɗumi a fitar da shi kafin a kwanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.