Mu Lura Da Wasan Yaranmu

(Jawabin da aka yi wa iyaye mata da masu raino)

 

Yau maganarmu a kan wasan ƙananan yara ce, 'yan shekara ɗaya zuwa biyar. Duk wadda ta taɓa goyo ta san wannan. Ki miƙa wa yaro cokali, ya jefar. Ki ɗauko masa, ya sake jefarwa. Ko sau goma ne ba ya gajiya. Sai mu ce ƙiriniya ce, mu kai masa duka. To, mu dakata tukuna.

Akwai wani masani mutumin ƙasar Suwizalan, sunansa Jean Piaget, ya rasu a 1980. Ya riƙa kallon 'ya'yansa uku tun suna jarirai, yana rubuta abin da suke yi. Ya gane cewa yaro yana maimaita abu ne don ya san yadda abin yake. In ya saki cokali, yana duba inda zai faɗi da irin ƙarar da zai yi. Daga baya wata malama a Landan, Chris Athey, ta yi aiki da yara tare da iyayensu a shekarun 1970. Ta fitar da littafi a 1990. Ta nuna cewa wannan maimaici iri-iri ne. Ga kaɗan daga ciki:

1. Mai jifa. Komai ya samu sai ya wurga.
2. Mai jigila. Yana kwashe kaya daga ɗaki zuwa tsakar gida.
3. Mai rufewa. Yana naɗe abu a tsumma, ko ya lulluɓe kansa da zane.
4. Mai juyi. Yana gara taya, yana juya murfin tukunya.
5. Mai jeri. Yana jera takalma ko duwatsu a layi.
6. Mai cikawa da zubarwa. Ya cika gwangwani da ƙasa, ya juye, ya sake.

To, mene ne namu?

Na farko, lura. Ki kalli yaronki mako ɗaya. Kullum ki rubuta abin da ya fi maimaitawa. Za ki gane inda hankalinsa yake.

Na biyu, ki ba shi abin da ya dace. Mai jifa, ki ɗinka masa ƙwallon tsumma, ki ajiye kwando ya riƙa jefawa ciki. Mai jigila, ki ba shi 'yar ƙwarya da totuwar masara. Mai jeri, ki bar shi ya jera miki kwanuka bayan wanke-wanke. Duk wannan ba ya cin ko kwabo.

Na uku, ki riƙa yi masa magana yana wasan. Ki ce "sama", "ƙasa", "ciki", "waje", "ya cika". Ku ƙirga tare. Daga nan yake tsintar magana da lissafi tun kafin ya shiga makaranta.

Na huɗu, tsaro. Mai son leƙa rami zai leƙa rijiya, sai a rufe ta. Kada a bar bokiti da ruwa a buɗe, don ruwa kaɗan ma yana iya halaka ƙaramin yaro. Mai lulluɓa kada ya samu leda, tana toshe numfashi. Mai zubarwa a nisanta shi da kananzir, maganin ƙwari da tukunyar da ke kan wuta. Wanda bai kai shekara uku ba, kada a ba shi wake, gyaɗa ko maɓalli ya yi wasa, yana iya shaƙewa.

In ya ɗauki abin da bai kamata ba, ki karɓa, ki ba shi wani a madadinsa. Duka yana sa yaro tsoron gwada abu.

In kun koma gida, ku gaya wa maigida, da kakanni, da 'yar rainon da kuke bar wa yaro in za ku gona ko kasuwa. Su ma su sani.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.